Motar Auta

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma duk wanda ya taɓa ba ni hannu muka gaisa ya san yatsuna biyu na hannun dama ba sa lanƙwasuwa, na tsakiya da na kusa da shi. In an tambaye ni nakan ce aiki ne, in ja bakina in yi shiru, don ba kowa za ka gaya wa irin wannan ba ya fasa yi maka kallon mai taɓin hankali. Amma wallahi tallahi yadda zan faɗa haka aka yi, ban ƙara ko gishiri ba.

Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan garajina a Magarya, kusa da tasha. Bazara ta kai iyaka, irin zafin nan da ake yi gab da saukar ruwa wanda ƙarfe ma ba ya taɓuwa, sai ga wani dattijo ya yi mini sallama da safe, siriri, hannuwansa duk kantar fartanya. Ya ce sunansa Haruna, daga wani ɗan ƙauye a bayan Guci, wai akwai motar ƙanensa marigayi da ta yi shekara da shekaru a ajiye cikin gida, yana so a tada ta. Na tambaye shi me ya same ta aka ajiye, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komi, Malam, mai ita ne ya rasu." Na ce ya iya tuƙi? Ya ce shi ko babur bai taɓa ja ba. Mutum ne da sai ka ciro masa magana kamar ana jan guga, ni kuwa ban damu ba, don mai surutu da yawa ya fi ba makanike wahala.

Na ɗaure batir mai kyau a bayan babur ɗina, na rataya jakar kayan aiki, na goya Haruna muka kama hanyar Dungas. Daga can muka sauka cikin rairayi, muna faɗuwa muna tashi, ga shi ranar kasuwar Guci ce, duk wanda muka gamu da shi can ya nufa, wasu a amalanke wasu a ƙafa da awakinsu. Kafin mu isa rana ta take tsaka, ƙauyen kuwa wayam, ko kaza ba ta motsi.

Motar tana cikin gida a gefen rumbu, an yi mata rumfar kara. Irin tsofaffin motocin nan ne masu dogon baya da ake lodin 'yan kasuwa, tayoyinta sun lotsa cikin ƙasa, jikinta ya yi fururu. Amma abin da na fara lura da shi, gefen direba tas yake, hannun ƙofar har ƙyalli yake yi, kujerar kuma ba ƙura ko ɗis. Nesa kaɗan, a gindin dogon yaro, wata tsohuwa na zaune kan tabarma tana jan carbi. Haruna ya ce mahaifiyarsu ce, idonta ya tafi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta ce, "Kai ne mai gyaran motar Auta? Allah ya ba ka sa'a, ɗana." Auta shi ne marigayin. Na ce a raina tsohuwa ce ke share wa ɗanta kujera don begensa, har ta ba ni tausayi.

Mota in ta daɗe a zaune ba a yi mata gaggawa. Na ɗaga kapo, wato murfin inji, na tokare shi, ƙadangaru suka watse, na tarar zanzaro ya yi gini ko'ina, ɓeraye kuma sun yi sheƙa da tsumma a kan inji, sun ci wayoyi son ransu, har wayar oda, wato ham, sun raba ta biyu. Na duba baƙin mai, yana nan. Na kama bel na juya injin da hannu in ji ko ya cije, ya juya lafiya. Tsohon batir kuwa ya kumbura, kawunansa sun yi farin gari, na cire shi na kankare wayoyin na ɗaura nawa. Na buɗe tanki na shinshina, man ya lalace, warinsa kamar tsohon fenti, na kwance ƙasa na zubar da shi. A nan ne na ga wani abu da ya kamata ya tsayar da ni: sifana ce a maƙale a jikin wani noti can ƙasa, ta yi tsatsa, irin wadda makanike ba ya mantawa da ita sai in gudu ya yi. Ni da shegen kwaɗayin kayan aiki, dariya na yi na jefa ta a jakata.

Na ce wa Haruna ya samo mini sabon mai, in ya dawo ya shiga ya zauna, shi zai riƙa murɗa mini makulli in na ce. Ya ce akwai mai sayar da isans, wato fetur, nan bayan gida, ya ɗauki galan ya fita. Ni kuma na duƙa ina ɗaure wayoyin da ɓera ya ci.

Ban daɗe ba na ji an buɗe ƙofar direba, motar ta ɗan nutsa ta gefen nan yadda take yi in mutum ya zauna, aka ja ƙofa aka rufe. Ku sani in kapo yana sama ba ka ganin na ciki, ya tare gilashin gaba ɗaya, sai ɗan tsagi ta ƙasa. Na ce, "Har ka dawo? To aje galan ɗin tukuna, bari mu ga wuta." Na zare wayar buji, abin da 'yan Kano ke ce wa fulogi, na kusantar da ita jikin inji, na ce, "Buga." Injin ya yi gurnani ya juya, tartsatsi ya fito shuɗi mai kyau. Na ce, "Saki." Aka saki nan take.

Wallahi na ji daɗin aikin nan. Duk makanike ya san wahalar wanda bai iya mota ba in ka sa shi a kujera, ka ce buga ya tsaya yana tambaya, ka ce saki ya ƙara dannewa. Wannan kuwa kafin in rufe baki ya yi, har ina jin yana ɗan taka totur a hankali yadda tsofaffin direbobi ke lallashin mota. Na ce, "Malam Haruna, ashe ɓoye mini ka yi, ai kai direba ne." Ba a amsa ba. Na ce halinsa ne.

Tunda wuta na nan, saura mai. Na tsiyayo kaɗan daga babur ɗina na ɗiga a kafireta, na ce buga, ta yi tari ta kama kamar za ta tashi, ta mutu. Na san ke nan inji lafiya yake, saura in duba hanyar mai kafin a zuba a tanki. Na bi tiyo da hannu ina lalube har na samu inda ɓera ya huda shi, can ƙasa a bayan fanka, wurin da hannu ɗaya kawai ke shiga, shi ma sai ka ratsa tsakanin fanka da bel. Na yanko sabon guntun tiyo daga jakata.

To a sana'armu akwai ƙa'ida, tun ina koyo aka dasa mana ita: ba ka sa hannu kusa da fanka sai ka ga hannuwan na cikin mota. Na ce, "Cire hannunka daga makulli, ɗora duka biyu kan sitiyari in gani." Na leƙa ta tsagin nan, na ga hannuwa biyu sun hau sitiyari a hankali. Manyan hannuwa ne, masu kauri, da zoben azurfa a ɗan yatsa. Na gan su da idona kamar yadda nake ganin nawa yanzu, amma hankalina na kan tiyo, ban tsaya na tuna cewa hannuwan da suka riƙe ƙuguna tun daga Magarya sirara ba ne, kuma ba zobe.

Na zura hannu har gwiwa, kumatuna a jikin ƙarfe, na cire ruɓaɓɓen ina ƙoƙarin cusa sabon, yatsuna biyu na kwance a kan bel daidai bakin inda yake hawa ƙarfensa. Ina cikin haka na ji sallama daga ƙofar gida. Na waiga da kai kawai, sai ga Haruna yana shigowa, gumi sharkaf, galan a kafaɗa, yana cewa, "Yi haƙuri, Malam, mai isans ɗin ya tahi kasuwa, sai da na bi shi har bakin Guci. Ga makullin ma na tahi da shi a aljihu." Ya ɗaga shi sama, yana lilo a jikin wani jan zare.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. A cikin zafin nan na ji sanyi ya taso daga tafin ƙafata har ƙeya, na so in fizge hannuna amma hannun rigata ya sarƙe a wani abu, na ja ya ƙi. Na sake leƙa tsagin. Hannu ɗaya ne kawai a kan sitiyari. Na dama ya sauka.

Sai na ji ƙas, ƙarar nan ta farko da makulli ke yi kafin a buga.

Na ce, "Kar ka buga. Don girman Allah kar ka buga, hannuna na ciki." Muryata ma ban gane ta ba. Injin ya yi wani ɗan yunƙuri, bel ya ja yatsuna ya cusa su ƙarƙashi, na ji ƙashi ya ba da sauti, azaba ta tafi har cikin haƙorana. In ya ƙara juyawa ko rabi, fanka ce za ta gama da sauran, ni kuwa da hannun nan nake ci da iyalina.

Daga gindin bishiya tsohuwar nan ta yi magana, ba da ihu ba, yadda uwa ke yi wa yaro in zai taɓa wuta. Ta ce, "Auta. Dakata, hannun mutum na ciki."

Komai ya tsaya. Na ji ƙas, an mayar.

Haruna ne ya yar da galan ya zo ya juya bel baya da hannu, ya yaga rigar, na zaro hannuna jini na zuba. Na ja da baya har na faɗi zaune, na rarrafa gefe inda zan ga cikin motar. Ba kowa. Kujera wayam, ramin makulli wayam, ƙofa a rufe, amma motar na nan a karkace ta gefen direba, kujerar kuma a lotse kamar akwai mai zama.

Da na samu numfashi na tashi na shaƙe wuyan rigar Haruna da hagu, dattijo ne amma wallahi na manta, na ce me ya sa bai gaya mini ba? Ya ƙi kallona. Ya ce in ya faɗa ba mai zuwa, wani makanike ya taɓa zuwa daga Dungas ya gudu ya bar kayansa. A nan ya ba ni labari a gutsure. Auta direba ne, shi ke kai mutanen ƙauyen kasuwanni. Wata ranar kasuwar Guci an gama lodi, mota ta ƙi tashi, ya yi ta bugawa, mutane na yi masa tsiya suna sauke kayansu, zuciya ta ɗebe shi ya rantse da Allah ba zai sauka daga motar nan ba sai ta tashi. Kowa ya kama hanya a ƙafa aka bar shi. Da aka dawo da la'asar aka same shi kansa a kan sitiyari, hannu a makulli, rai ya yi halinsa. Tun ranar aka turo ta cikin gida, uwar kuma kullum sai ta lalubo ta share masa wurin zama.

Na ce Allah ya jiƙansa, ni na tafi. Na naɗe yatsuna da tsumma na fara tattara kaya. Sai tsohuwar ta miƙe, ta taho tana lalube da sanda har ta dafa motar, ta juyo da fuskarta daidai inda nake. Ta ce, "Ɗana, saura me?" Na ce saura in cusa tiyo ɗaya, Inna, amma ko me za a ba ni ba na mayar da hannuna can. Ta ce, "Rantsuwa ce ta riƙe shi. Yaron kirki ne, gaggawa ce kawai da shi tun yana ƙarami. Ka tada masa ita ya samu ya hito, ni zan riƙe maka shi."

Ni ba malami ba ne, na san wanda ya mutu ya tafi, kuma na san akwai halittun da ke shiga wurin da aka bari su ɗauki kamar mutum. Ko wane ne a kujerar nan, ban sani ba. Abin da na sani, tsohuwa ce makauniya a tsaye cikin rana tana roƙona, hawaye na bin kumatunta, ni kuma tawa uwar ba ta daɗe da rasuwa ba. Na tsine wa taushin zuciyata, na ajiye jaka.

Wannan karon na cire kan batir gaba ɗaya, na ajiye wayar nesa da shi, yadda ko injiniyan duniya ba zai iya juya injin nan ba. Na karɓi makullin daga hannun Haruna na sa a aljihuna. Na sa shi ya juye man a tanki. Tsohuwar ta zura hannu ta tagar direba ta ɗora a kan iska, daidai inda kafaɗar mutum za ta kasance, kuma wallahi hannun nan bai faɗi ba, ya zauna kamar an tare shi. Na karanta duk abin da na iya, na nannaɗe hannun riga, na sake zura hannun nan mai jini, don hagu ba ta shiga wurin.

Da yatsu uku nake aiki, tiyo na zamewa saboda jini, gumi na shiga idona, fanka na gogar bayan hannuna. Na kusa gamawa na ji ƙas. Ba batir, ba makulli, amma na ji shi, kuma bel ya ɗan yi tauri a jikin fatata kamar dabbar da ke shirin zabura. Na runtse ido. Na ji tsohuwar ta ce, "A'a, Auta. Na ce dakata. Ka yi haƙurin shekaru, ɗan wannan ne zai gagare ka?" Tana ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, tana lallashi, har na ji tiyon ya shige, na ɗaure shi da waya, na zaro hannuna a hankali kamar mai fita daga ramin maciji.

Na mayar da kan batir, na ja baya sosai har bayana ya taɓa rumbu. Haruna na gefena yana salati. Makulli na aljihuna, ina jin sa a cinyata. Na ce, "Buga."

Ta juya, ta juya, mai na hawowa, ta yi tari, aka taka totur sau biyu a hankali, sai ta kama. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan, karan rumfa na karkarwa, inji ya daidaita yana tafiya sumul kamar jiya aka kashe shi. Sai aka danna oda, gajeriya, irin wadda direba ke yi wa makanike in zai bar garaji. Odar da na ga wayarta a tsinke da idona, kuma ban haɗa ta ba. Daga nan aka kashe motar, ƙofar direba ta buɗe har ƙarshe.

Tsohuwar ta juyo tana murmushi cikin hawaye ta ce, "Ya sauka, ko? Ɗana, duba mini, ya sauka?" Na duba. Ƙofa a buɗe take, amma motar na nan a karkace yadda take, kujerar ba ta taso ba. Haruna ma ya gani, muka haɗa ido. Na ce, "Inna, mota dai ta tashi." Ta ce alhamdulillahi, ta yi ta sa mini albarka. Ban ɗauki batir ɗina ba, ban tsaya shan ruwa ba, yadda na kai Dungas da hannu ɗaya a kan babur Allah kaɗai ya sani. A can aka ɗaure mini yatsun, suka warke a sandare, na yi kwanaki ina zazzaɓi.

Bayan an yi girbi, ina ƙarƙashin wata mota a garaji na ji sallamar da na sani. Haruna ne, ya ƙara ramewa. Ya ce Inna ta rasu cikin damina. Na yi masa gaisuwa. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce tun ranar da aka binne ta motar ta sake ƙin tashi, kuma duk ranar kasuwar Guci da tsakar rana suna jin ana bugawa, ana bugawa, ba sassauci, alhali batir ɗin da na bari ya daɗe da cire shi ya ba masu cajin waya. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Ya ce in taimaka in je in duba, wataƙila ɗan abu ne kaɗan.

Na ɗaga masa hannuna na dama, yatsun nan biyu a tsaye. Na ce, "Malam Haruna, in na sa hannu yanzu, wa zai ce masa ya dakata?" Ya sa hularsa ya tafi, ban sake ganinsa ba, kuma ban sake bin hanyar nan ba.

Shawarata gare ku, musamman 'yan'uwana masu gyara: in aka kira ku tada motar da ta daɗe a ajiye, ku tambayi dalilin ajiye ta, ku tambayi maƙwabta ba mai gida kaɗai ba. In kun ga kayan aikin wani a ciki, ku tambayi inda mai su yake. Kuma kafin ku ce wa kowa buga, ku zagayo ku kalli fuskarsa, kar ku yarda da hannuwa kawai. Ni har yau, in na duƙa a gaban inji na ji mota ta nutsa ta gefen direba, sai na zagaya na gani, ko da kuwa ɗan cikina ne na aika ya zauna.